Ƙafar Hagun Yaya

Alƙali ake ce masa, amma bai taɓa taka ƙofar kotu ba, ko da zuwa ba da shaida. Bakanike ne, kuma a cikin kanikancin ma kuloci ya kama ya riƙe shekara talatin da ɗoriya. Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, saboda wata ɗabi'a tasa da ta rage masa farin jini. In ka kawo masa mota ya sauke giyabos, ya zaro farantin kuloci, wato faifan nan da ke kama ƙarfin inji ya miƙa wa giya, ba ya jefar da tsohon ya sa sabo ya sallame ka. Sai ya kira ka, ya zaunar da kai a kan benci, ya ɗora maka farantin a cinya, ya shiga karanto maka laifuffukanka.

"Kai da giya ta biyu kake tashi, saboda ƙiwa," zai ce da wannan. Ya juya ga wancan: "Kai kuma a kan tudu da kuloci kake riƙe mota. Birkin hannun don ado aka sa maka?" Akwai wani ɗan kasuwa da ya rantse ya maya cewa shi kaɗai ke taɓa motarsa. Alƙali ya shafa farantin da babban yatsa, ya ce shi dai ƙafa biyu yake gani a nan, ɗaya ta iya, ɗaya tana koyo. Mutumin ya tafi yana zage-zage. Bayan sati sai ga shi ya dawo yana sosa ƙeya, ashe matarsa ce take koyon tuƙi duk ranar da ya yi tafiya.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, dariya kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ga haƙoransa. Matarsa takan ce da ta san haka zama da mai gaskiya yake, da maƙaryaci mai fara'a ta nema. Garejinsa rumfar kwano ce mai rami ɗaya, a ƙarshen layin masu walda, kuma shi kaɗai yake aikinsa. In giyabos zai sauka, maƙwabcinsa mai walda ne ke zuwa ya kama masa, ladansa kuwa a saurari surutunsa.

Mutum ɗaya ne a duniya Alƙali bai taɓa zaunarwa a kan bencin nan ba, shi ne yayansa.

Shekara tara ce tsakaninsu. Ubansu ya rasu Alƙali yana da shekara takwas, Yaya ya bar makaranta ya shiga mota, ya ɗauki gida a kansa tun gemu bai fito masa ba. Shi ya kai ƙanen nasa koyon kanikanci, shi ya tsaya masa da ya tashi aure, shi kuma ya koya masa tuƙi. Wannan koyon tuƙin Alƙali bai manta da shi ba, gwiwarsa ta hagu ma ba ta manta ba. Da zarar ya canja giya ya bar ƙafarsa a kan feda, Yaya zai kai masa bayan hannu a gwiwa. "Ɗauke, Auta! Kuloci ba matashin kai ba ne. Ka taka har ƙasa, ka gama, ka janye ƙafarka gefe." Shi ya sa kulocin Yaya yake shekara shida, bakwai, ba a buɗe shi ba. In Alƙali yana wa wani direba faɗa, da yayansa yake ba da misali, har direbobi suka haddace.

Yanzu Yaya ya ba sittin baya. Farar bas gare shi, tasa ta kansa, yana jigilar mata goma sha huɗu da ke aiki a kamfanin ɗinki can kan tudu. Da safe ya hau da su, da yamma ya sauko da su. Hanyar doguwa ce mai hawa, kuma a tsakiyar hawan akwai danja, fitilar nan mai ba motoci hannu, daidai inda masu zuwa kasuwa ke tsallaka titi. Kowace mota sai ta tsaya a nan, hancinta sama, mutane na ratsawa ta gabanta da kaya a ka, wasu da goyo.

Wata uku kafin abin da za a faɗa, Alƙali ya sa wa bas ɗin sabon kuloci, don tsohon ya cika shekara bakwai. Sati bai zagayo ba Yaya ya dawo, ya ce fedar ta yi masa tauri, a sassauta. Alƙali ya taka ya ji daidai take. Amma babban wa magajin uba ne, ba a tambayarsa dalili. Ya cire sifirin ɗin feda ya sa mai laushi, ya shafa giris, ya miƙa makulli. Mutumin da ke titsiye kowa da tambaya, ranar ko ɗaya bai yi ba.

Wata Litinin da hantsi yana cikin rami yana aiki, ƙauri ya riga motar isowa. Ƙaurin kuloci ba ya ɓuya, kamar an toya gashi da roba tare. Sai kuma ya ji inji yana ihu mota na rarrafe. Injin ya san shi, na Yaya ne. Ƙafar da ke tuƙa shi ce bai sani ba. Ya fito yana shirya faɗan da zai yi wa wanda ya ari motar, sai ya ga Yaya ne da kansa a kan sitiyari.

"Barka da hantsi, Yaya."

"Barka, Auta. Jabu suka sayar maka. Kayan yanzu ba su da ƙarko. Ɗauko dutse ka sa wa taya, kar ta gangara."

Wurin shimfiɗe yake, babu inda mota za ta gangara. Duk da haka Alƙali ya juya ya ɗauko dutsen. Kafin ya waiwayo Yaya ya riga ya sauko, yana tsaye jingine da ƙofa, goshinsa da gumi. Bai zauna sun yi hira kamar yadda ya saba ba. Ya tsayar da tasi a bakin titi, ya ce gobe zai zo ya ɗauka.

Suka tura bas ɗin kan rami shi da mai walda. Suka kwance abin da za su kwance, suka tallabo giyabos suka dire shi a kan katako, mai walda yana nishi yana cewa wata rana bayansa zai kai Alƙali ƙara gaban alƙali na gaske. Alƙali ya sa alli ya yi alama a murfin kuloci da faifan inji, don in ya tashi mayarwa kowa ya koma mazauninsa. Ya sassauta notina ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗaga murfin, baƙin gari ya zubo masa har gwiwar hannu.

Ya fito da farantin cikin haske. Fuskarsa ta yi sulɓi tana ƙyalli, ta cinye har ƙusoshin da ke riƙe da ita sun fito suna gogar ƙarfe. Farantin wata uku ke nan. Ya koma ciki da tocila ya haska faifan inji, babban ƙarfen da farantin ke mannewa a kai. Ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, da ƙananan tsaga kamar fason dunduniya. Ya duba yatsun murfin, ƙarafan nan da ake dannawa kuloci ya saki, ya ga bakinsu ya ci har ya yi kwarmi. Boris ɗin da ke danna su kuwa ya bushe, da ya juya shi sai ya yi ƙara kamar an zuba masa yashi.

Daga nan Alƙali ya shiga neman laifin kansa, kuma bai taɓa neman wani abu da zuciya ɗaya haka ba. Ko baƙin mai ne ya ɗiga daga inji ya jiƙa farantin? Wurin a bushe yake ƙamas. Ko ya kifa farantin ne, ya juya gaba baya? Daidai ya sa shi. Ko ya ɗaure feda ne ya hana ta wasa? Ya auna da yatsa, wasanta na nan. Ko jabun ne da gaske? Ya kankare gefen da wuƙa, ya duba hatimi, na ƙwarai ne. Ya buɗe giyabos ya leƙa, ya ga haƙoran giya ta ɗaya da ta biyu sun fara gutsurewa.

"To, Alƙali, yanke hukunci," in ji mai walda, yana goge hannu. "Wane ne mai laifi yau?"

"Jabu ne."

Mai walda ya dube shi, ya dubi farantin, ya sake dubansa. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, ya san yadda muryar mutumin take in yana faɗin gaskiya. Ya koma rumfarsa ba tare da surutun da ya saba ba.

Abin da Alƙali ya karanta a fili yake. Boris ba ya cinyewa haka sai in ƙafa ta kwana ta wuni a kan feda. Haƙoran giya ba sa gutsurewa sai in ƙafar ba ta kai feda ƙasa. Ƙafa ce da ba ta iya dannawa har ƙarshe, ba ta kuma iya ɗagawa. Ba ta ɗan koyo ba ce, don ɗan koyo fizga yake, ya karya sifirin. Wannan ta san aikin sarai, yi ne ya gagare ta.

Ya hau gaban motar. Yaya dogo ne, duk rayuwarsa kujerarsa a can baya take, yanzu an jawo ta har ta kusa haɗuwa da sitiyari. Robar feda ta cinye ta gefe ɗaya kawai. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera don ya tura ta baya, sai ya taɓo wani abu. Guntun tsohon bel ne, an ƙulle shi ya zama zobe, daidai faɗin cinyar mutum, ɗaya bakin ya yi baƙi saboda riƙo. Ya daɗe yana juya shi kafin ya yarda da abin da ya gani. Da wannan Yaya yake ɗaga ƙafarsa daga kan feda. Hannun hagu na jan cinya, na dama na kan giya, sitiyari kuwa sai Allah. Tsoro ya kama Alƙali, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka ce ubansu ya rasu.

Ya rufe gareji da rana tsaka ya nufi gidan Yaya, a lokacin da ya san yana majalisarsa ta bakin titi. Ya tarar da matar Yaya tana shanya. Tsakaninsu wasa ne tun tana amarya, ba ta ganinsa ba ta tsokane shi ba.

"A'a, ƙaramin miji! Yau kuma wa ka yanke wa hukunci har ka samu hutu?"

Alƙali ya ciro bel ɗin daga aljihu ya nuna mata. Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa, ba ta ko duba ba.

"Tun yaushe, matar Yaya?"

"Wata huɗu." Ta rage murya, ta leƙa ƙofa. "Da safe ne, yana shan shayi, kofi ya suɓuce masa. Ya tashi zai ɗauka, ƙafar ta ƙi. Zuwa rana ta ɗan dawo. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce jini ne ya hau ya taɓa shi, an yi sa'a kaɗan ne, amma yana iya dawowa ba sallama. Ya ce kar ya sake tuƙi. A bakin ƙofar asibitin ya yaga takardar."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"Ya sa ni na rantse. Ka san yayanka." Ta share ido da bakin zane. "Kullum ya fita sai in zauna ina sauraron waya. In ta yi ƙara gabana ya faɗi. Don Allah kar ka gyara motar nan."

Washegari Yaya ya kira, Alƙali ya ce ba a samu kaya ba. Ranar Laraba ya ce an kawo amma ba irinsa ba ne. Ranar Alhamis ya ce mai shagon ya yi tafiya. Sabon kuloci kuwa yana nan cikin kwalinsa ƙarƙashin benci tun ranar Litinin da yamma. Ƙarya ba ta karɓe shi ba, duk wadda ya yi sai ta fito a karkace. Matarsa ta ga ya daina cin abinci, ta tambaye shi, ya ce ciki ne.

A rana ta biyar da hantsi Yaya ya zo. Wannan karon bai aiki kowa ɗauko dutse ba. Ya ratso layin masu walda a hankali, ƙafar hagu tana biyo shi a baya, ya wuce ƙanensa, ya zauna a kan bencin da kansa. Ya sa dunduniyar dama ya turo kwalin waje, ya dube shi, ya yi murmushin da ba na daɗi ba.

"Mai shagon ya dawo ke nan. Kawo tsohon farantin, Auta. Karanta min."

Alƙali ya tsaya da tsumma a hannu. Bakin da ya kunyata direbobi ɗari ya kasa buɗuwa.

"Ka kasa? To ni in karanta maka. Ka ga bel, ka je gidana, ka sa matata kuka. Na sani." Ya daki cinyarsa ta hagu da tafin hannu. "Tana samun sauƙi. Shekara arba'in da bakwai ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takawa ba."

"Gaskiya ne, Yaya. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Ko kuloci goma na sa, ba shi ne ba shi da lafiya ba. A samo direba ya riƙa ja maka. Ni zan nemo mai hankali, in koya masa da kaina."

"In zauna a ƙofar gida ina korar ƙuda, wani yana yanka min giya? Tun ina ɗan shekara goma sha bakwai nake cikin mota. A cikinta na ciyar da kai. In na sauka, ni wane ne?"

"Matan nan fa, Yaya? Da masu tsallakawa a danja?"

"Matan nan ni suke jira. Kwana huɗu suna rataye a motocin haya suna makara." Ya gyara zama. "Ba roƙonka na zo yi ba. Ko ka mayar min da ita yau, ko in sa a ja ta zuwa garejin da ba a karatu. Akwai su da yawa, a ɗaura a ba ka makulli, ba mai tambayarka lafiyar ƙafa."

Nan ne Alƙali ya ga ƙaryar kwana huɗu ba ta saya masa komai ba. In ya ƙi, wani zai yi, ya yi shi a banza, kuma Litinin da safe bas ɗin za ta tsaya a danja da mata goma sha huɗu a ciki. Ya sunkuya ya ɗauki kwalin.

Yaya yana zaune yana kallo ya yi aikin. Ya goge faifan inji da samfefa har shuɗin ya tafi, ya bi tsagar da farce ya tabbatar ba su yi zurfi ba, ya wanke da fetur. Ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya taɓa sabon farantin, don ɗigon maiƙo ɗaya ya isa ya lalata shi. Da ya ɗaga shi zai sa, wani tunani ya zo masa. In ya juya shi gaba baya, kuloci ba zai saki ba, giya ba za ta shiga ba, mota ba za ta bar rumfar nan ba. Ya tsaya da farantin a hannu har ya ji idon Yaya a ƙeyarsa. Wannan ma kwana ɗaya zai saya, gobe a ja ta zuwa wani wuri. Ya sa shi daidai.

Ya zura tsohon sandan giyabos da yake ajiye don wannan aikin, ya tsayar da farantin a tsakiya cif. Ya ɗora sabon murfi. Ya kama notina da hannu tukuna, sannan da sifana, wannan kaɗan, na daura da shi kaɗan, yana zagayawa har murfin ya zauna ba tare da ya karkace ba. Ya sa sabon boris, ya shafa wa sandan giris ɗan mitsitsi. Ya kira mai walda suka ɗaga giyabos, suka jijjiga shi har ya shige da kansa. Mai walda bai yi zancen bayansa ba. A ƙarshe Alƙali ya shiga gaban mota ya cire sifirin mai laushi, ya mayar da na asali.

"Na mayar da fedar yadda aka ƙera ta, Yaya. Ni na sassauta ta ban tambaya ba, wannan laifina ne."

"Ba ni makulli."

Ya ba shi. Yaya ya kama ƙofa da hannu biyu ya ja jikinsa sama, ya zauna, ya tayar da inji. Ƙarar ta fito lafiya lau. Bas ɗin na kan rami, hancinta na kallon bangon bulo na ƙarshen rumfa, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Alƙali ya janye dutsen taya da ƙafa. Maimakon ya koma baya ya ba shi hannu ya fita, sai ya zagaya gaba, ya shiga tsakanin bamba da bango, ya jingina bayansa da bulo.

"Me kake yi a nan? Fita in yi baya."

"Gwaji ne, Yaya. Ba na sallamar mota ban gwada ba." Ya gyara tsayuwa. "Ka ɗauka nan danja ce, ta kusa saki. Ka taka kuloci, ka sa giya ta ɗaya, ka sauke birkin hannu, ka ɗauke ƙafar dama daga birki, yadda kake yi kullum. Ni ne mai tsallakawa. Zan ƙirga talatin. In ka riƙe ta, mota taka ce, kuma wallahi ba zan sake ɗaga maganar ba."

"Alƙali, ka haukace?" in ji mai walda. "Fito daga nan, don girman Allah!"

Ba wanda ya kula shi. 'Yan'uwan biyu suna kallon juna ta gilashi. Alƙali yana fata Yaya ya kashe inji ya sauko, ko ya zage shi, ko ya jefe shi da wani abu. Amma ya san mutumin da ya rene shi. Yaya ya cije leɓe, kafaɗarsa ta hagu ta yi ƙasa, giya ta yi ƙara ta shiga. Aka ji birkin hannu ya sauka.

"Ɗaya," in ji Alƙali. "Biyu. Uku."

Zafin inji yana dukan cinyoyinsa. Har zuwa takwas ba abin da ya canja, har ya fara tunanin ko shi ne ya yi kuskuren karatu, ya ji daɗin tunanin. A tara kunnensa ya kama abin da ba wanda zai kama sai shi. Muryar injin ta yi ƙasa kaɗan. Farantin da ya sa da hannunsa ya fara taɓa faifai.

"Goma sha ɗaya. Goma sha biyu."

Ta gilashi ya ga Yaya ya saki sitiyari, ya ɗora hannu biyu a kan gwiwar hagu yana dannawa da duk nauyinsa. Jijiyoyin wuyansa sun tashi. A goma sha huɗu taya ta motsa, ta murƙushe wani ɗan tsakuwa. Mai walda ya ɗora hannu a ka yana salati. Bas ɗin ta matso kamar tafin hannu, ta tsaya, ta sake matsowa. Alƙali yana da hanyar fita ta dama, taku ɗaya ne. Ya manna tafukansa a bango ya ci gaba.

"Goma sha bakwai. Goma sha takwas. Goma sha..."

Motar ta zabura. A daidai lokacin Yaya ya daki birki da ƙafar dama, gaba ɗayanta ta girgiza, inji ya mutu. Bamba ta tsaya a manne da cinyoyin Alƙali, ta matse shi da bango, ba ta karya komai ba. Sai da mai walda ya fizge giya ya tura motar baya sannan ya iya fitowa, ya zauna a bakin rami.

Yaya ya daɗe a kan kujera, kansa a kan sitiyari. Da ya ɗago, fuskarsa jiƙe take, ba gumi kaɗai ba.

"Da ban samu birkin ba fa?" in ji shi. "Da na kashe ɗan uwata da hannuna. Haka ka so in ƙarasa rayuwata?"

"Da mutum ɗaya ne, Yaya. Ranar Litinin goma sha huɗu ne, ban da na kan titi."

Yaya ya buɗe ƙofa, ya sa hannu biyu ya ɗaga ƙafarsa ta hagu ya fitar da ita waje, a gaban mai walda da duk wanda ihu ya tara a bakin rumfa. Alƙali ya taso ya miƙa hannu zai tallabe shi.

"Kar ka taɓa ni."

Ya sauko shi kaɗai. Ya bar makulli a jikin mota, ya ratsa mutane, suka dare masa.

Shekara biyu ke nan. Wani direba mai sanyin hali ke jan bas ɗin yanzu, matan kamfanin ɗinki suna zuwa aiki suna dawowa, ba su san komai ba sai cewa tsohon direbansu ya huta. Ciwon ya sake taɓa Yaya bayan wata biyar, da safe, a daidai lokacin da dā yake kan tudu. Yana kan tabarma a tsakar gida abin ya same shi, ya kuma tashi, ko da yake yanzu sai da sanda. Matarsa ta ce wannan kaɗai ya isa ya sa ya huce. Bai huce ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Alƙali yana nan a rumfarsa, yana zaunar da direbobi a benci, sai dai ya daina ba da misali da kowa. Duk ƙarshen mako yakan wanke hannu, ya sa riga mai tsabta, ya tafi gidan. Yaya yana amsa gaisuwar kowa, har da mai kawo ruwa. In ƙanensa ya durƙusa ya ce, "Ina wuni, Yaya," sai ya juya kai wajen matarsa.

"Tambayi bakaniken nan me yake so."

Alƙali yakan ce ba komai. Ya ɗan zauna a bakin tabarma, sannan ya tashi ya tafi.